Wayon Kurege a Tatsuniya da a Daji

A cikin tatsuniyoyin Hausa akwai wani labari wanda da wuya a sami wanda bai taɓa jinsa ba tun yana yaro. Zaki ne ya addabi namun daji da kisa, har suka gaji suka ƙulla yarjejeniya da shi, cewa kowace rana za su riƙa aika masa da ɗaya daga cikinsu, shi kuwa ya daina farautarsu. Ran da abin ya zagayo kan kurege, sai ya ƙi zuwa da wuri, da ya iso kuwa ya ce ai wani zaki ne ya tsare shi a hanya. Ya ja sarkin dawa har bakin wata rijiya, zaki ya leƙa ya ga inuwarsa cikin ruwa, ya zaci abokin gabansa ne, ya auka ciki ya halaka.

Wannan labari ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Yana cikin Kalila wa Dimna, littafin da Ibn al-Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci daga tsohon Farisanci a wajen shekara ta 750, shi kuma asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Sai dai a can zomo ne ya yi wa zaki wannan ta'asa. Da labarin ya iso bakin Hausawa, a ruwayoyi da dama sai aka tuɓe zomo aka naɗa kurege, alhali kuwa ba a rasa zomo a dajin Hausa ba. Mutanen da suka yi wannan musanya manoma ne da mafarauta, waɗanda suka yi wa dabbobin biyu farin sani. Saboda haka ya cancanta a tambaya, me suka gani a jikin kurege har suka fifita shi? Amsar tana cikin yadda wannan ɗan taliki yake rayuwa, domin galibin abin da tatsuniya ta kira wayo, idan aka bi shi zuwa daji, za a tarar dabarun zaman duniya ne na ƙaramar dabba wadda ba ta da ƙarfi, ba ta da ƙaho, ba ta da dafi, ga ta kuma tana kiwo da rana tsaka a fili, kowa na ganinta.

Wane ne kurege?

Tambayar ba ta raini ba ce, don kuwa Turawan farko da suka tattara tatsuniyoyin Hausa sun ruɗe a kanta. A. J. N. Tremearne, a littafinsa na al'adu da camfe-camfen Hausawa wanda aka buga a 1913, ya fassara kurege da jerboa, watau wani ɗan ɓeran hamada mai dogayen ƙafafun baya wanda ke tafiya da tsalle-tsalle, kuma ba ya fitowa sai da dare. Wanda duk ya tashi a ƙauye ya san ba shi ake nufi ba. Kuregen Hausawa shi ne wannan da ke gilmawa a guje ya ƙetare hanya da hantsi, wutsiya miƙe a baya, ya je can ya tsaya bisa ƙafafunsa na baya yana waige.

Masana dabbobi sun daɗe suna kiransa Xerus erythropus. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta busasshe. Ta biyun kuwa tana nufin mai jar ƙafa. Wani Bafaranshe, Étienne Geoffroy Saint-Hilaire, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1803, sa'an nan a 2016 wasu masana suka ware masa gida na kansa mai suna Euxerus. Tsawon jikinsa daga hanci zuwa gindin wutsiya yakan kai santimita 22 zuwa 29, watau taƙi guda da ɗan ɗoriya, wutsiyar kuma ta yi kusan hakan, nauyinsa daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Gashinsa kaushi gare shi, kunnuwansa 'yan ƙanana ne ƙwarai, faratansa dogaye, kuma launinsa yakan saje da ƙasar inda yake zaune. Alamar da ba a ɓata ta ita ce farin zane guda a kowane gefen jikinsa, daga kafaɗa zuwa cinya. Ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Nijar da Nijeriya da Cadi da Sudan, har Habasha da Kenya da Uganda, akwai kuma wani rukuni da ya keɓe shi kaɗai a kudancin Maroko.

Shi kuwa ɗaya ne tak daga cikin babban dangi mai iri fiye da 270, waɗanda suka bazu a ko'ina cikin duniya in ban da wurare kaɗan irin su Ostareliya da Madagaska. Bisa ga yanayin zamansu an saba kasa su uku. Akwai na ƙasa masu haƙa rami, irin wanda ake magana a kansa. Akwai na bisa, masu kwana a kogon itace ko cikin sheƙa, kuma daga cikinsu akwai wani mai zobba a wutsiya da ke zaune a dazuzzukan Afirka ta Yamma masu itatuwa jefi-jefi, har da arewacin Nijeriya. Na ukun su ne waɗanda ake ce wa masu tashi, galibinsu a Asiya, ko da yake ba fiffike gare su ba. Wata fata ce ta haɗa hannu da ƙafa, idan suka diro daga kan itace sai su shimfiɗa ta su yi shawagi zuwa wani. Mafi ƙanƙanta a dangin duka yana kurmin Kamaru da Gabon, nauyinsa bai kai giram 20 ba. Mafi girma kuwa wasu ƙattin mazauna duwatsu ne na ƙasashen sanyi, waɗanda kan kai kilo 8 idan suka yi ƙiba.

Abin da ya haɗa su duka, ya kuma haɗa su da ɓera da gafiya da gyazbi da beguwa, shi ne haƙori. Kowannensu yana da haƙoran gaba huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro har mutuwa. Fuskar haƙorin ta gaba ta fi bayansa tauri, saboda haka yayin da dabbar ke gaigayar abu sai bayan ya riƙa cinyewa da sauri, bakin ya zauna kullum da kaifi kamar kurfi. Watau dai gaigaya ita ce wasa haƙorin, ita ce kuma ke hana shi wuce kima. A nan ilmin zamani ya saɓa wa abin da ido ke nunawa. Jaɓa, duk da kamarta da ɓera, ba ta cikin wannan dangi. Bushiya ma ba ta ciki, ko da yake beguwa mai ƙaya irin tata tana ciki. Zomo kuwa yana da wasu ƙananan haƙora biyu ɓoye a bayan na sama, don haka aka fitar da shi aka ba shi gidansa daban.

Rami da rana

Bambancin kurege da zomo na farko, wanda kuma wataƙila shi ya fi tasiri ga masu tatsuniya, shi ne lokacin fita. Zomon daji da dare yake kiwo, da rana kuwa ya laɓe a gindin ciyawa, ba ya haƙa rami, idan aka tashe shi ba shi da abin dogara sai gudu. Mutum bai cika ganin komai nasa ba sai ƙeyarsa. Kurege kuwa tare da manomi yake fita. Yakan bar rami bayan rana ta ɗaga, ya yi kiwo da hantsi, idan zafi ya tsananta ya nemi inuwa ya shimfiɗa cikinsa a kan ƙasa mai sanyi don jikinsa ya huce, da la'asar ya sake fitowa, kafin magariba ya shige. Mai noma yana ganinsa yana zaune bisa ɗuwawu, ya riƙe gyaɗa da hannu biyu yana ɓarewa kamar mutum, ya ɗan ci ya tsaya ya miƙe ya duba gabas da yamma. Dabbar da ake gani a irin wannan hali kullum, ba wuya a sa mata magana a baki.

Wannan tsayuwa da waige-waige ba iyayi ba ne. Shaho da gaggafa na bisa, dila da tunku da kyanwar daji na ƙasa, ga kasa da sauran macizai, ga kuma yara da karnukansu. Wanda ke da maƙiya haka, kuma yana kiwo a fili, dole ya raba lokacinsa tsakanin ci da tsaro.

Babbar garkuwarsa ita ce rami. Yakan haƙa shi a ƙasa mai laushi, ko a gindin itace, ko tsakanin duwatsu, ko cikin tsohon suri. Ginin ba mai wuya ba ne: ɗakin kwana guda wanda zurfinsa bai kai mita ɗaya ba, da hanyar shiga, sa'an nan da waɗansu hanyoyi da yakan haƙa su nufo sama, amma ya dakata gab da su ɓulle. Daga waje ba a ganin alamar komai. Idan maciji ko tunku ya biyo shi ta ƙofa, ko mai farauta ya fara tono, sai ya bi ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ya fasa 'yar ƙasar da ta rage, ya fita ta inda ba a zata ba. Da dare kuma sau da yawa yakan toshe ƙofar da ƙasa daga ciki. Yaron da ya yini yana haƙa, gumi na zuba, ya ɗaga kai ya hango kurege can nesa yana kallonsa, ba ya bukatar wani ya gaya masa ma'anar wayo.

Ita ma wutsiya tana da nata aiki. Idan ya firgita yakan ɗaga ta bisa bayansa ya baje gashinta, sai ya ƙara girma a idon maƙiyi. Girkawan dā sun ɗauka inuwa kurege ke yi wa kansa da ita, shi ya sa suka haɗa kalmarsu ta inuwa da ta wutsiya suka raɗa masa suna skiouros, daga nan ne kuma sunansa na Faransanci da na Ingilishi suka samo asali. Abin mamaki, akwai wani ɗan'uwan kuregenmu a hamadar Kalahari ta kudancin Afirka wanda haka yake yi sosai: yakan juya wa rana baya ya rufa wutsiya a ka tamkar laima. Wani kuma na jihar Kalifoniya ta Amurka ya wuce nan. An nuna a 2007 cewa idan ya haɗu da irin macijin nan mai jin ɗumin jikin dabba ko a cikin duhu, sai ya tura jini cikin wutsiyarsa ta yi zafi, ya riƙa kaɗa ta a gabansa, har macijin ya ja da baya. Idan kuwa macijin da ba ya jin ɗumi ne, kaɗawar kawai yake yi, ba ya wahalar da kansa da ɗumamawa.

Ajiya

A nan ne maganar ta fi daɗi, a nan ne kuma aka fi yin bincike. Kurege ba ya tsinke wa abinci: yana cin ƙwayoyin ciyawa, da saiwoyi, da 'ya'yan itacen da suka faɗo, da ɗiyan itatuwan ƙaya dangin bagaruwa, idan ya samu kuma ya haɗa da fara da gara da ƙwan tsuntsu, har da ƙananan ƙadangaru. Amma ƙasar da yake zaune wata huɗu ko biyar ne take da yalwa, sauran shekara rani ne. Danginsa na ƙasashen sanyi sun warware irin wannan matsala da barci. Na Alaska yakan kwanta wata bakwai zuwa takwas a rami, kuma wani masani, Brian Barnes, ya auna a 1989 ya tarar zafin jikinsa kan sauka ƙasa da matakin da ruwa ke daskarewa da kusan digiri 3, duk da haka bai mutu ba. Kuregen Afirka ba ya wannan dogon barci irin na gaiwa a cikin laka. Idonsa biyu rani da damina, saboda haka ba shi da mafita sai tanadi.

Hanyar tanadi iri biyu ce. Ko dai a tara komai a rumbu guda a tsare shi, ko kuwa a rarraba kaɗan-kaɗan a wurare da yawa. Mai rumbu guda, ran da aka gano shi ya tashi a tutar babu. Kuregenmu yakan ɗan ajiye wani abu a rami, amma galibin ajiyarsa a waje take, nesa da gida, nan ƙarƙashin dutse, can ƙarƙashin busassun ganyaye. Filin da guda ɗaya ke yawo a ciki kan kai kadada 12, watau wajen eka 30, kuma ya shiga cikin na maƙwabtansa, domin ba ya korar kowa, iyakarsa ya goga kumatunsa a jikin dutse ko kututture ya bar warinsa.

To, yaya yake gane inda ya binne? An daɗe ana cewa hanci ne kawai, watau duk abin da ya shinshino nasa ne, ko shi ya binne ko wani. A 1991 masana biyu a Amurka, Lucia Jacobs da Emily Liman, suka gwada wannan da kuregen bisa mai ruwan toka na ƙasarsu. Suka bar kowanne ya binne 'ya'yan itace a fili guda, bayan 'yan kwanaki suka maido shi, ga nasa ga na wasu duk a binne kusa da juna. Sai aka ga kowanne ya fi tono nasa. Ashe yana tuna wurin, hanci taimako ne kawai. Bayan wannan, a 2008 Michael Steele da abokan aikinsa suka ba da rahoton abin da ya fi kama da tatsuniya: idan irin wannan kurege ya lura wani na kallonsa, yakan haƙa rami, ya sunkuya kamar ya saka abu, ya rufe da ƙasa, alhali ƙwayar na bakinsa, ya wuce gaba ya binne ta a wani wuri. Wajibi ne a yi hattara a nan. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a kan kuregen Amurka, kuma masana ba su ce dabbar na zama ta ƙulla makirci kamar yadda ɗan Adam ke yi ba. Amma wanda ya ƙaga labarin rijiya da zai ji wannan rahoto, da ba zai yi mamaki ba.

Ba duk abin da aka binne ake tonowa ba. Wani an manta, wani kuma mai shi shaho ya ɗauke shi. Abin da ya rage sai ya tsiro da damina, shi ya sa a Turai da Amurka ake lissafa dangin kurege cikin masu dasa daji.

Game da haihuwa, macen kan ɗauki ciki na kwana 64 zuwa 78, ta haifi 'ya'ya 2 zuwa 6 a cikin rami, idonsu rufe. Waɗanda aka tsare a keji sun kai shekara 6, a daji kuwa kaɗan ne ke kaiwa nan.

Tatsuniya ba ta ce kullum shi ke da nasara ba. Akwai labarin da ruwan sama ya kama bushiya ta roƙi kurege masauki, ya ba ta wuri, da ta ji ɗumi sai ta baje ƙayarta, mai gida ya koka, ta ce wanda wurin bai yi wa daɗi ba ai ga ƙofa. Shi ma wannan yana da tushe a daji, domin ramin kurege gidan haya ne ga talikai da yawa waɗanda ba sa iya haƙa nasu, musamman macizai. Wannan ne dalilin da manya ke hana yara zura hannu cikin rami.

Kurege da manomi

Abin da ke burge mai tatsuniya shi ne ke ƙona ran mai gona. Hancin da ke gano ƙwayar da aka binne ba ya bambanta ajiyar kurege da shukar mutum. Yakan bi layi yana tone irin masara da gyaɗa rami bayan rami, ba ma kamar inda aka yi binne, iri ya daɗe a ƙasa yana jiran ruwa. Da kaka kuma ya dawo wa gyaɗa da rogo da dankali da doya, har da ƙwallon auduga. Wani bincike da aka buga a 1990 a kan gonakin masara a Kenya ya nuna irin wannan kurege na iya tone kusan kashi ɗaya cikin goma na irin da aka shuka. Ga talaka wanda ya ci bashin iri, wannan ba abin dariya ba ne, don sake shuka na nufin an yi asarar mako biyu daga damina wadda dā ma gajeriya ce.

Hanyoyi biyu da aka fi saurin kamawa su ne guba da wuta, kuma duka biyun ɓarnarsu ta fi amfaninsu. A shekarun 1970 da 1980 an yi ta cuɗa iri da magunguna masu ɗauke da aldirin, gubar da ke daɗewa a ƙasa da cikin kitsen dabba, wadda daga baya yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta. Guba ba ta tsayawa kan wanda aka nufa: zabi da kaji na tsintar irin, shaho da tunku na cin gawar, ga shi kuwa su ne dā ma ke rage yawan kurege da ɓera, kuma ba sa hayayyafa da sauri kamarsu. Ƙunar daji don farautar gafiya da kurege kuwa, ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa take cinyewa, shi ko wanda ake nema yana can ƙarƙashin ƙasa. Sanin halinsa ya fi araha. Tun da ba ya fita da dare, kuma ba ya son tsakar rana, lokacin ɓarnarsa sananne ne: hantsi da la'asar, daga ranar shuka zuwa sa'ad da tsiro ya yi ƙwari. Gadin waɗannan sa'o'i na 'yan makonni, da kafa tarko a bakin ramukan da ke gefen gona, sun isa su rage asarar ƙwarai.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi ma'aikatan asibiti da na gandun daji. A wurare da yawa na Afirka an ɗauka cizon kurege dafi gare shi. Ba shi da dafi, sai dai haƙorin na shiga da zurfi, bakin kuma na ɗauke da ƙwayoyin cuta, saboda haka ciwon kan rure idan ba a wanke shi da sabulu an nemi magani ba. Wanda ya fi wannan girma shi ne ƙyandar biri. Duk da sunanta, an fi zargin ƙananan dabbobi masu gaigaya da ɗaukar ta, kuma a 1985 an sami ƙwayar cutar a jikin wani kuregen bisa na kurmi a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, watau Kwango ta yanzu. A 2003 aka kai wasu ƙananan dabbobi daga Gana zuwa Amurka don sayarwa, cikinsu har da gafiya da irin wannan kuregen kurmi. Suka harbi wani kuregen ƙasa na can wanda mutane ke kiwo a gida don sha'awa, daga nan cutar ta kama mutum 47 a jihohi 6. A Nijeriya ta sake ɓulla a 2017 bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Ba kuregen gonakin Hausa ne aka kama da wannan laifi ba, amma mai feɗe naman daji da hannu mai rauni, da mai ɗaukar wanda ya tarar a mace, ba sa tsayawa tantance iri.

Ta fuskar yawa, kurege ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Zakin da ya jefa rijiya a tatsuniya ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, a Nijeriya sai 'yan kaɗan da suka rage a gandun dajin Yankari da na Kainji. Shi kuwa kurege sarar daji ba ta rage shi ba, ƙara masa fili ta yi. Da yake ba ya zama cikin kurmi mai duhu, dā iyakarsa inda itatuwa suka yi sarari. Amma duk inda aka sare kurmi aka yi gona ko aka fasa hanya, yakan bi sawun gatari ya shiga, har ya kai ana ganinsa a gonakin rogo na kudu, a wuraren da a dā sai danginsa na bisa.